Wa'azinmu a Gidan Yari: Ina Muka Baro Ƙofar Tuba?

 

'Yan uwa, ranar 25 ga Yulin 2023 majalisar dokokin Ghana ta kaɗa ƙuri'ar cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka, aka maye gurbinsa da ɗaurin rai da rai. Ɗan majalisar Madina, Francis-Xavier Sosu, shi ya kawo ƙudurin. A lokacin mutum 176 ne ke zaman jiran ajali, maza 170 da mata 6, akasarinsu a kurkukun Nsawam. Rabon da a zartar da irin wannan hukunci a ƙasar nan kuwa tun 1993. Ke nan akwai bayin Allah da suka yi shekara da shekaru suna kwana suna tashi da takardar mutuwa a kansu. Wane malami ne ya zauna da su, kuma me ya faɗa musu?

Abin da na ga ya kamata mu duba shi ne irin wa'azin da muka saba kaiwa gidan yari, ko nan Tamale ko can kudu. In azumi ya kama, sai a tara shinkafa da sukari da sabulu, a shiga mota, a yi hoto a bakin ƙofa. Sadaka ce, Allah ya karɓa. Amma in aka miƙa wa malam lasifika, sau da yawa sai ya kama ayoyin azaba da girman zunubin zub da jini, ya rufe da addu'a, a watse sai baɗi. To, Malam, wanda ke gabanka ya riga ya ji hukunci daga bakin alƙali. Ya san abin da ya aikata fiye da kai. Abin da ke hana shi barci tambaya ɗaya ce: shin Allah zai karɓe ni?

Ɗalibai sun san ƙissar mutumin da ya kashe rai 99, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya je wurin wani mai yawan ibada ya tambaya ko yana da tuba, aka ce masa babu, sai ya cika ɗari da shi. Da ya isa wurin masani, sai ya buɗe masa ƙofa, ya kuma nuna masa garin mutanen kirki da zai koma. Ku lura, masanin bai tsaya ga fatawa ba, har abokan zama ya zaɓa masa. Wa'azin shekara-shekara ba ya iya wannan. Sai malamin da ke dawowa kowane mako, ya san sunan mutum, ya san inda ya tsaya a karatu.

Fiƙihunmu ma bai yar da wanda aka yanke wa hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa wanda shugaba ya kashe a haddi ko ƙisasi ana yi masa sallar jana'iza, shugaban ne kawai ba ya sallatarsa. Matar nan Bagamidiya da aka tsayar wa haddi, Manzon Allah (SAW) ya hana a zage ta, ya yaba tubarta, aka sallace ta. Daga Sayyidina Hubaibu bin Adiyyi, wanda ya roƙi mutanen Makka su bar shi ya yi raka'a biyu kafin su kashe shi, malamai suka ɗauki sallar wanda za a kashe. Ga kuma laƙƙana kalmar shahada ga mai barin duniya. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne, kuma ba su samuwa sai da wani a tsaye kusa.

Dubi yadda ake fafutukar wannan tsayuwa a Amurka. A watan Fabrairun 2019 jihar Alabama ta kashe wani Musulmi, Domineque Ray. Ya roƙi limaminsa ya shiga ɗakin da shi, aka ce fadan gidan yarin ne kaɗai dokar wurin ta yarda ya shiga. Kotun ƙoli, alƙalai 5 da 4, ta ce ya makara wajen kawo ƙorafi, limamin ya kalli abin daga wani ɗaki. A 2022 kotun ta yarda wa wani fursuna a Texas, John Ramirez, fastonsa ya dafa shi ya yi masa addu'a a bayyane. Can ana zuwa kotu don a buɗe wa malami ƙofa. Mu nan hukumar gidajen yari tana da limamanta, ana kuma ba ƙungiyoyi izinin ziyara, sai dai ƙafar zuwa ce ta yi mana nauyi.

Na san za a ce, ina haƙƙin iyalan wanda aka kashe? Tambaya ce mai nauyi, kuma malamin kirki ba ya tsallake ta. Tuba ba ta shafe haƙƙin bawa. Aikin malam ne ya faɗa wa mai laifi haka ba kwana-kwana, ya koya masa yi wa mamacin addu'a, in kuma da hali ya kai saƙon neman yafiya ga dangi ba tare da matsa musu ba. Haka nan kada ya tilasta wa kowa amsa laifi, domin kotu kan yi kuskure. Abin da aka faɗa masa a asirce kuma amana ce.

Sauya doka bai rage wannan aiki ba, ƙara shi ya yi. Wanda aka ce zai ƙare rayuwarsa a kurkuku yana buƙatar mai karantar da shi shekara ashirin ko talatin, da mai laƙƙana masa shahada ran da ajali ya zo, da masu wanka da likkafani. Ɗan arewa da aka kai Nsawam, tafiyar yini guda daga Tamale, ba kullum danginsa ke da kuɗin mota ba, kuma zuciya ta fi buɗewa da Dagbanci ko Hausar da aka sha a nono.

Shawarata ga ƙungiyarmu: a ware malamai biyu ko uku, ko Afa ake kiransu ko Malam, masu haƙuri da riƙon sirri. A nema musu izini daga hukuma, a sa musu rana tabbatacciya a gidan yarin Tamale, a kuma yanka musu kuɗin mota daga asusun masallaci domin kai ziyara Nsawam. Manyan ɗalibai su riƙa raka su suna koyo. Kyamara kuma a bar ta a gida.

Allah ya karɓi tubarmu da tasu, ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya sa mu cika da kalmar shahada. Wallahu a'alam.