Allurar da ke nuna inda ƙari ya ɓuya

Duk wanda ya taso tsakanin Jega, Aliero da Maiyama ya san darajar hannun da ya iya karanta ƙashi. Masu ɗorin Aliero sun yi suna, har daga nesa ake kawo musu karaya. Amma akwai ciwon bayan da ba faɗuwa ce ta jawo shi ba, ba kuma sunkuyo a fadamar albasa ba: ƙari ne da ke tsirowa a ƙashin baya ko a jikin laka. Gwanintar gano shi tana burge ni ƙwarai.

Da tambaya gwanin likita ke farawa. "Baba, ciwon yana tashin ka da dare?" Ciwon gajiya kwanciya ke maganinsa, na ƙari kuwa sau da yawa kwanciyar ce ke tsananta shi. Sai ya ɗauki allura yana taɓa fata daga ƙafa zuwa sama. "Ka ji nan? Nan fa?" Inda ji ya dawo, a cibiya ne ko a ƙirji, shi ke nuna masa wajen da aka danne laka. Ya karci tafin ƙafa da makulli. In babban yatsa ya miƙe sama, zarginsa ya ƙarfafa.

Da irin wannan lura likita William Gowers ya gano ƙari a lakar wani mutum a Landan a 1887, likitan tiyata Victor Horsley ya cire shi, mutumin ya sake takawa da ƙafarsa. Shekara takwas ke nan kafin a san hoton eksire.

A wajenmu abin da ya fi rikita ido shi ne tarin fuka na ƙashin baya, don kamarsu ɗaya da ƙari. A nan hoton MRI ke aiki, irin wanda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ke karantawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tarin fuka yakan cinye guringuntsin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, ya tara mugunya. Ciwon daji yakan ci ƙashin, ya bar guringuntsin.

Duk da haka gwani ba ya yanke hukunci sai an tsakuro ɗan nama an duba a madubin likita. Akwai ƙarin da ake kira kodoma, wanda a shekara yake samun kusan mutum ɗaya cikin miliyan, galibi a ƙashin tsatso ko gindin ƙoƙon kai. Likita na iya daɗewa bai gamu da shi ba, amma da ya ga ƙwayoyin nan masu kama da kumfar sabulu, ya san da wa yake tare.