Dokin Zamani da Masu Sukarsa

Cikin watan Maris na shekarar 2022 waɗansu mutane a Ingila suka ɓullo da wata sana'a wadda ba a saba jin irinta ba. Sai dare ya raba su fita, su bi unguwannin attajirai, duk inda suka tarar da babbar motar nan da mu ke kira jif, su kwance murfin bawul, su jefa ƙwayar wani ɗan ƙaramin wake ciki, su mayar su ɗaure. Iska ta yi ta zurarewa har taya ta kwanta. Sa'an nan su maƙala wa mai motar takarda a gilashi, su gaya masa dalili, watau hayaƙin motarsa yana cikin abin da ke dumama duniya. Kafin shekara ta kewayo abin ya bazu har Jamus da Faransa da Amurka.

Duk wanda ka ba wannan labari a tashar Jega, ko a kasuwar albasa ta Aliero, dariya zai fara yi. In ya gama ya ce, "Ƙoshi ne ya yi musu yawa. Mu nan ina ma mu ka ga motar, balle mu sace tayarta?" Da jin haka sai kowa ya ce gaskiya ne, a wuce zuwa wata hira. To, ni ban yarda a wuce ba. Ra'ayina, wanda na san ba zai yi wa mutane da yawa daɗi ba, shi ne mutanen nan sun gano ciwo na gaskiya, maganinsu ne ba shi da kyau; ciwon kuwa yana nan ƙasarmu, har ya fi nasu muni, ko da ya ke kamanninsa dabam ne.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Hukumar da ke ƙididdigar makamashi ta duniya, wadda ke zaune a Faris, ta ce cikin 2023 kusan rabin sababbin motocin shiga da aka sayar a duniya irin wannan ƙira ce, kuma hayaƙin da su ke fitarwa a shekara ya haura tan miliyan 1,000. Da a ce motocin nan ƙasa ce mai sarki da tuta, da ita ce ta biyar a duniya wajen ɓata iska. Dalili kuwa ba boyayye ba ne: abin da ya fi nauyi ya fi shan mai. Mutum ɗaya mai nauyin buhun gero guda ya hau ƙarfe mai nauyin tan 2 ko fiye, don kawai ya je sayen burodi. Har wa yau akwai zancen rai. Masu binciken haɗarin hanya a Amurka sun tarar a 2023 cewa motar da tsawon goshinta ya wuce inci 40 ta fi mai gajeren goshi saurin kashe mai tafiya ƙasa da wajen kashi 45 cikin 100, gama ita a ƙirji ta kan buge mutum, yaro kuwa a ka.

Wani zai ce, ina ruwan Maiyama da hayaƙin London? Ai iska ba ta san kan iyaka ba, ba ta kuwa tsayawa wurin kwastan. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan al'amari karin maganar ya juye. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan ba. Ɗan Nijeriya, in an raba daidai, rabonsa bai kai tan 1 a shekara ba, na Ba'amurke ya haura 13. Duk da haka mu ruwan ke duka. Mutanen Kabi ba su manta da daminar 2020 ba, sa'ad da ruwa ya shafe fadamu, shugabannin manoman shinkafa suka ce wajen hekta 450,000 suka nutse, shinkafa tana gab da nuna. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, masana kuma da suka auna suka ce dumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan shekara ƙarfi ƙwarai. Cikin azumin 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Mai albasa ba ya bukatar a karanta masa waɗannan lambobi. Ya san yadda sanyin hunturu ke gyara masa kai, ya kuma san abin da zafi da laima kan yi wa albasar da ya jibge cikin rumfar kara yana jiran ta yi tsada.

Saboda haka dariyar nan tamu ba ta da wuri. Mutumin da ke faɗa a kan abin da ke cin gonarka, ko ba ka gode masa ba, bai kamata ka ce masa mahaukaci ba.

Amma fa hanyarsu ban yarda da ita ba, ko kaɗan. Hausa ta riga ta yanke musu hukunci tun kafin su zo, gama kalma ɗaya mu ke da ita ga tayar da iska ta fice mata da kayan da ɓarawo ya ɗauka: duka sacewa ne. Mai zuwa cikin dare ba ya sanin ko motar wa ya taɓa. Ta yiwu ta likita ce da za a kira da asuba, ta yiwu ta gurgu ce da ba ya iya shiga ƙarama. Mafi muni, wanda ya tashi da safe ya tarar da tayarsa a kwance ba ya tsayawa tunanin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Fushi ya ke yi, ya busa tayarsa, ya ƙara son motarsa don haushi. Dubi kuwa abin da mutanen Faris suka yi cikin Fabrairu 2024. Aka kira ƙuri'a da rana tsaka, aka tambayi jama'a ko a ninka wa masu manyan motoci kuɗin ajiye mota sau uku in sun shigo daga waje. Waɗanda suka fito ba su da yawa, ba su kai kashi 6 cikin 100 ba, amma fiye da rabinsu suka ce a ninka, aka kuwa ninka. Wannan ya taɓa aljihu, aljihu kuwa ya fi taya jin magana.

To, yanzu mu komo gida, inda maganar ta fi nauyi. Kada mai karatu ya zaci duk babbar mota na ke suka. Tsaya bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta biyo Jega, ta gangara Maiyama da Koko har Yawuri, ka ga tireloli da manyan motocin katako shaƙe da buhunan albasa za su Kurmi. Waɗannan girmansu na aiki ne, kamar girman raƙumi. In ba su, albasar Aliero ruɓewa za ta yi a inda aka tone ta. Haka a-kori-kurar da ke shiga ƙauyuka da damina ta ɗauko mai naƙuda. Wadda na ke magana a kanta ita ce baƙar jif mai baƙin gilashi, wadda ba ta ɗaukar komai sai mutum ɗaya da girman kansa, wata na gabanta, biyar na bayanta, ana ta jiniya a kauce.

Hayaƙinta kam, in aka jera shi da na Turai, ɗigo ne cikin gulbi. Laifinta a nan wani ne dabam. Cikin Oktoba 2023, wata biyar ke nan da janye tallafin man fetur, aka ji Majalisar Tarayya za ta sayo wa 'ya'yanta irin waɗannan motoci, su 469, jaridu suka ce kowace ɗaya tana iya kai naira miliyan 160. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. In ka yi lissafi, sai leburan gwamnati ya yi shekara fiye da 440 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin guda. Da mutane suka yi surutu, aka fito aka kafa hujja, hujjar kuwa ita ce abin da ya kamata a rubuta a ajiye: wai hanyoyin ƙasar sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba.

Assha! Wa ke da alhakin hanyar? Waɗanda ke zama su raba kuɗin ƙasa su ne ke cewa hanya ba ta biyuwa, don haka a saya musu abin da zai tsallake da su ramin. Rami kuwa yana nan yana jiran ɗan kabukabu, da mai Golf ɗin haya da ya cusa mutum goma, da tirelar albasa da za ta kife a kwana. Wannan shi ne ainihin aikin jif a ƙasarmu: tana raba shugaba da wahalar da aka naɗa shi don ya ji. Tayarta ta shanye gargada, gilashinta ya tare ƙura, sanyinta ya kore zafi, duhunta ya hana a gan shi balle a yi masa kuka. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma in ya sami wani ɗakin ya koma, yoyon ya zama na 'yan haya.

A wannan shekara dai manomin rani ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ran 29 ga Mayu 2023 lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta tasam ma 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Noman rani a fadamun Jega kuwa a kan injin ban ruwa ya dogara, injin kuma fetur ya ke sha. Waɗansu suka rage fili, waɗansu suka juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, masu ɗan hali suka sayi faranti mai zuƙar hasken rana. Abin mamaki, ashe talakan da ba a taɓa gayyata taron sauyin yanayi ba shi ya fara rage ƙona mai, tilas ce ta sa shi. Gwamnatin da ta je Glasgow a 2021 ta yi alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, ba mu ga ta rage ko mota ɗaya cikin jerin gwanon manyanta don cika wannan alkawari ba.

Kada kuma a ce sukar abin hawan manya baƙuwar al'ada ce da aka aro daga Turawa. Jega da Aliero da Maiyama duka ƙasar Gwandu ce, Gwandu kuwa gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne. Wajen 1807, jihadi yana tsakiyar nasara, ganima tana shigowa, shi da ya ke ƙanen Shehu kuma babban wazirinsa ya duba ya ga zukatan mutane sun fara karkata ga mulki da tufafin ƙawa da dawakin kilisa. Ya faɗa, ya rubuta cikin waƙoƙinsa da ya tara a Tazyinul Waraƙati, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. Doki shi ne jif na wancan zamani. Malamin bai ƙi dokin yaƙi ba, shi kansa mayaƙi ne. Wanda ya ƙi shi ne dokin da a ke kiwo don a burge talaka. Bai kuwa bi dare ya yanke wa kowa linzami ba. Da sunansa ya yi magana, ga waɗanda ya ke ci da sha tare da su, kuma maganar ta ci masa wani abu.

Da wannan ma'auni na ke auna duk mai cewa shi ra'ayinsa ya saɓa wa na jama'a, gama yanzu sun yi yawa. Akwai mai neman suna, wanda in kowa ya ce fari shi sai ya ce baƙi don a juyo a dube shi. Akwai mai zagin na nesa, wanda ya iya sukar Amurka tun daga safe har dare amma in motar ɗan majalisarsu ta shigo gari shi ne kan gaba wajen ɗaga hannu. Wannan na biyu shi ya fi yawa cikinmu, ni kuwa ban ga laifin manya kaɗai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan siyasar da ya zo ɗaurin aure cikin ƙaramar mota, mu ne za mu fara raɗa, mu ce ya tsiyace, ko kuwa marowaci ne. Maroƙi ba ya wasa mai keke. Uba ya kan auna mai neman 'yarsa da abin da ya ajiye a ƙofar gida. Yaron da ya gama jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya karanta yadda hayaƙi ke riƙe zafin rana, ya ci jarrabawa a kai, amma tambaye shi abin da zai fara saya ran da Allah ya buɗa masa.

Nan wahalar ta ke. A London mai sukar babbar mota yana da dubban 'yan'uwa masu tafa masa, shi ya sa ma ya ke iya ɓoye fuskarsa cikin taro. A Jega wanda zai miƙe a gaban mai jif ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin motar nan da ya sayi injin ban ruwa mai aiki da rana ga manoma ɗari da wani abu," ba mai motar kaɗai zai ɓata wa rai ba. Zai ɓata wa direba, da 'yan rakiya, da masu jiran a sauke gilashi a miƙo musu ɗari biyar, da tsohuwar da ke alfahari ɗan garinsu ne ke ciki. Za a ce hassada ce ke cinsa, za a tono asalinsa, a tambayi abin da ubansa ya taɓa hawa.