Gwanar Cefane

Akwai gidan da maigida zai ajiye kuɗin cefane da safe, kafin la'asar a aiko masa cewa ba su isa ba. Akwai kuma gidan da abin da ake bayarwa bai kai haka ba, amma yara ba su taɓa kwana da yunwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, matan irin wannan gida na biyu ne suka riƙe iyalai da dama, ga shi kuwa ba a cika yaba musu ba.

Babban abin da gwanar cefane ta laƙanta shi ne lokaci. Da kaka, sa'ad da sabon gero da dawa da wake suka cika kasuwar Dawanau, a nan take matsa wa maigida ya sayi buhu, domin ta san mai awon kwano-kwano a shagon unguwa shi ke biyan ladan dillali da kuɗin mota da ribar mai shago. Waken ma ba ta barin ƙwari su raba shi da ita. Sai ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta ɗura a jarka ta toshe bakin tam. Da zarar iska ta daina shiga, ƙwaron da ke ciki mutuwa yake yi, ba sai an barbaɗa wa abinci magani ba.

Amma inda na fi sara mata shi ne wajen kayan miya. Tsakanin Janairu da Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ke kwarara zuwa kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba, kwando kan yi arha har manomi ya rasa yadda zai yi da shi. A lokacin take saye. Ta yanyanka, ta baza a kan tabarma mai tsabta, busasshiyar iska da rana su yi mata sauran aikin. Haka take yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Idan damina ta faɗi, tumatir ya zama sai wane da wane, ita sai dai ta ɗebo kauɗarta ta jiƙa, ta haɗa da albasa ta kai markaɗe. Na ci miyar kauɗa a gidan gwaggona cikin watan Yuli, wallahi ban gane ba ɗanye ba ne sai da ta faɗa mini.

Nama kuwa ba kullum ba. Ran da babu, daddawa da ɗan busasshen kifi sun isa su tayar da miyar kuka, awara da ɗanwake kuma su riƙe cikin yara. Tuwon da ya kwana ɗumamen safe ne, ƙanzo a shanya shi a yi kwaɗo, dusa ta akuya ce.

Wani zai ce ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ke neman na yau ina ya ga kuɗin buhu? Gaskiya ne. Shi ya sa za ka ga maƙwabta uku ko huɗu sun yi karo-karo sun sayi buhu guda sun raba, ko uwargida ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo daidai da kaka.

Magidanta, idan Allah ya ba ku irin wannan mata, ku riƙa shawara da ita kafin ku shiga kasuwa, ku kuma gode mata a gaban 'ya'yanta. Iyaye mata kuma, don Allah ku riƙa jawo yara kusa ranar shanya da ranar awo, maza da mata, su gani da idonsu.