Bayan "Maraba da Soja", Sai Me?

Duk ɗalibin Hausa ya san "Maraba da Soja" ta Malam Sa'adu Zungur, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Waƙa ce mai ƙarfi, domin Malam ya ɗauki dawowar soja ya mai da ita tsanin kiran 'yanci. Amma soja a cikinta tuta ce ta jama'a. Ba mu bi shi gida ba, balle mu ji yadda ya kwana. Mawaƙan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 su ma zuga da kirari suka fi ba ƙarfi, kuma lokacin ne ya nemi haka.

A 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafancan wanda mahaifinsa ya je yaƙin Bama, ya fitar da Burma Boy da Turanci. Tauraronsa Ali Banana yaro ne Bahaushe mai surutu da ban dariya, amma a ƙarshe ya fito daga daji hankalinsa a girgize. Nan ne darajar littafin take: ya nuna raunin da ba ya zubar da jini. Sai dai shi ma ya tsaya a Bama.

To mu fa? A Yulin 2020 rundunar soja ta ƙaddamar da Sahel Sanity a Faskari. A Disambar shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Sojan da ya shiga dazuzzukan Sabuwa, ko ya yi shekaru a Borno, ɗan wani ne, mijin wata ne. Wani kan dawo ba ya barci, ƙarar ƙofa ta sa shi zabura, ya daki ɗansa kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutanen gari sai su ce aljanu ne, ko ƙwaya. Likitocin Amurka tun 1980, bayan yaƙin Biyetnam, suka ba wannan ciwo suna, kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Kunya ce ke hana da yawa zuwa, ga tsoron a ce namiji ya karaya.

Kunya kuwa labari ne ke karya ta. Marubucin da zai ɗauki wannan jigo ya guji abu biyu: kada ya mai da sojan mahaukacin ban dariya, kada kuma ya warkar da shi a babi guda don ya sami budurwa. Ya zauna da tsofaffin sojoji da matansu, ya tambayi ma'aikatan jinya, sannan ya rubuta. Malam Sa'adu ya yi marabar; raka soja har ɗakinsa aikinmu ne, 'yan'uwa marubuta.