Gwanin Ɓoyayyun Umarni

A na'urorin rarraba intanet na kamfanin Cisco, da rauta da suwic, in ka danna alamar tambaya sai na'urar ta jero maka umarnin da take karɓa. Sai dai ba duka take fito da su ba. Akwai waɗanda injiniyoyin kamfanin suka dasa don gwaji da gano matsala. Ba sa cikin jerin, ba sa cikin littafin jagora, amma in ka rubuta su daidai na'urar za ta bi.

Masu kula da sadarwa suna jin su ne daga bakin juna. "service internal" yana buɗe wasu umarnin bincike da ke kulle. "service unsupported-transceiver" yana sa suwic ya karɓi kan wayar fayiba da wani kamfani ya ƙera, tare da gargaɗin cewa Cisco na iya janye tallafinsa in matsalar daga nan ta fito. Shi kuwa "test crash" da gangan yake kayar da na'urar, don a ga halinta in ta faɗi.

Haddace waɗannan ba wuya. Abin da ke burge ni ga gwani shi ne yadda yake riƙe hannunsa. Ya san umarnin da ba a rubuta ba babu wanda ya ɗauki alhakinsa: zai iya aiki lafiya a wannan zubin manhajar, a na gaba ya daskarar da na'urar, domin kamfanin bai yi wa kowa alkawarin barinsa yadda yake ba. Shi ya sa yake fara ƙure hanyoyin da aka sani. Sau da yawa "show tech-support" da rajistar abin da ya faru sun isa su tona asirin cutar.

In ta kama dole, dubi yadda yake shiri. Yana jira sai dare ya raba, masu amfani sun ragu. Ya jona shuɗiyar wayar konsol kai tsaye, don ko layi ya yanke bai rasa hanyar shiga ba. Ya adana saitin da ke aiki a wani wuri daban, ya duba zubin manhajar, ya duba nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar. Sannan ya rubuta "reload in 10": in komai ya cuɗe, bayan minti 10 na'urar za ta sake tashi da tsohon saitinta. Umarni ɗaya yake bayarwa, ya zuba ido, ya rubuta abin da ya gani. In lafiya, ya soke tashin da "reload cancel". Tun kafin wannan dare ma ya gwada abin a kan na'urar da ba kowa a kanta, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Ranar 4 ga Oktoba 2021, umarni guda da aka bayar yayin gyara na yau da kullum ya katse manyan layukan Facebook, aka rasa Facebook da WhatsApp da Instagram kusan awa 6. Wannan a gidan da ke da manhajar tantance umarni ke nan, balle ɓoyayyen umarnin da ba mai tantance shi.

To, a yi amfani da su? Ɗalibi ya samu tsohuwar rauta ya gwada son ransa, haka ake koyo. Amma na'urar da albashin mutane, ko sakamakon gwajin asibiti, ko kiran gaggawa ke bi ta cikinta, kada a taɓa ta da ɓoyayyen umarni sai injiniyan tallafi na kamfanin ya ba da shi a rubuce, ko kuma mai hannun ya san abin da zai yi da yadda zai koma baya. Wanda ya kai wannan matsayi ya cancanci a kira shi gwani, kuma irinsa ya kamata matasan injiniyoyinmu su zauna kusa da shi su koya.