Ingilishin fotokofi: gyara ko ɓarna?

Tun da kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kowa ya tashi neman Ingilishi. Sai ga wasu takardu na fotokofi suna yawo a hannun ƴan lise daga Arlit har Akokan. Tsarinsu ɗaya ne: kalma, ma'anarta da Faransanci, sai yadda ake faɗinta. Ban raina su ba, don suna da araha, kuma inda babu littafi ko ƙyalle riga ne. Amma ƴan uwa, ina da ƙorafi uku a kansu.

Na farko, lafazi. Masu rubuta su da kunnen Bafaranshe suke sauraron Ingilishi. Bafaranshe ba ya furta h, shi ya sa hungry, mai jin yunwa, da angry, mai fushi, suke zame masa abu guda. To mu ina ruwanmu? Hannu, hanya, haƙuri, kullum h na bakinmu. Haka ch: a Faransanci sh ce, sai takarda ta sa yaro ya faɗi chair, kujera, kamar share, rabawa, alhali c ɗin da ke cikin ciki da cuku ita ce ake nema. Ko bambancin ship da sheep, wanda ya san garin da ake zama da garin da ake tuwo ba ɗaya ba ne ya riga ya ci rabin hanya, don tsawon wasali ya raba su. Wato ana bi da yaro ta Faris a kwace masa abin da ya taso da shi, sannan a ce harshen da wuya.

Na biyu, shafin da suke kira na kurakurai. Nan za ka ga birki, bokiti, fasinja, a ce wai gurɓataccen Ingilishi ne. Wallahi ba haka ba ne. Waɗannan Hausa ne, kuma bisa ƙa'ida suka shigo. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, dole a tsoma wasali tsakani, shi ya sa brake ta koma birki. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sai bucket ta zama bokiti. Ba mu raba p da f, sai passenger ta zama fasinja. Direbobi da fatake suka hauro da su daga Nijeriya, suka iske kamyo da lakwal da muka aro wajen Faransa. Arlit gari ne da ma'adini ya gina: an kafa SOMAIR a 1968, COMINAK a 1974, ma'aikata suka taru daga ko'ina, Hausa ta zama harshen kasuwa da gareji. Bakaniken da ya ce birkin kamyo ya lalace, harsuna biyu ya narka a na uku. Shi za ka yi wa dariya?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, zaɓen kalmomi. Akwai apple, akwai snow, amma Ingilishin da ke taka ƙasarmu babu shi. Ɗauki ghetto. Asalinta unguwar da aka killace Yahudawa ce a Benis ta Italiya a 1516, daga baya ta koma sunan unguwannin talakawa baƙar fata a Amurka. A Agadas kuwa geto gida ne da baƙin haure ke jiran mota. Matashin da zai nemi aikin tafinta wajen mutanen da Aljeriya ke korowa ta Asamaka, wace ma'ana za ta fisshe shi?

Sai yellowcake. Kalma da kalma, wainar Turawa ce mai ruwan ɗorawa. A gaskiya kuwa garin iraniyom ne da ake tacewa daga dutsen nan namu, a ɗura a ganguna a fitar waje. A watan Janairu na 2003 Shugaba Bush ya ce Saddam ya nemi iraniyom a Afirka. Cikin Maris hukumar nukiliya ta duniya ta ce takardun da suka ambaci Nijar na jabu ne, amma yaƙin Iraƙi bai fasa ba. Duniya ta yi ta tauna sunan ƙasarmu da wannan kalma, yau ga ɗan Akokan yana haddace snow. Ko sunan ƙarfen ma darasi ne: mu iraniyom muke cewa don daga bakin Faransa muka ji, Ingilishi kuwa da yu yake fara shi.

Shawarata ga ƙungiyarmu: mu rubuta tamu takardar. Lafazi da haruffan Hausa, ma'ana da Hausa, a ware sautukan da babu su a bakinmu, kamar th da v, a ba su lokaci na musamman. Kalmomin kuma a tsinto su daga tasha, gareji da bakin ma'adini. Injin fotokofin da ya buga wancan, ai shi zai buga wannan.