Inda Ji Ya Kori Gani

Ni dai ba na ɓoye ƙaunata ga aikin Bernie Krause, kuma yau ma ba zan ɓoye ba. The Great Animal Orchestra, wato gangamin makaɗan dawa, aiki ne da ya isa a tuɓe masa hula. Babu ganga a ciki, babu garaya, babu mawaƙi ko guda. Kwaɗi ne da gyare da tsuntsaye da birai da giwaye da manyan kifayen teku, an naɗo muryoyinsu a inda Allah ya ajiye su, an zubo su cikin wani ɗaki mai duhu. Amma wallahi duk wanda ya shiga ɗakin nan, da wani kunne daban yake fitowa.

Shi wannan bawan Allah makaɗi ne tun asali. An haife shi a Detroit ta Amurka a 1938, ya kaɗa jita, ya shiga ƙungiyar mawaƙan nan The Weavers a 1963. Daga baya shi da abokinsa Paul Beaver suka zama cikin na farko da suka shigar da na'urar kiɗa ta Moog cikin waƙoƙin zamani da finafinai. A ƙarshen shekarun 1960 ya ɗauki makirfo ya shiga daji don ya samo sautin da za su sa a wani faifai, sai dajin ya riƙe shi. Tun daga nan ya tara sautin da ya haura awa 5,000, na halittu wajen iri 15,000. Ya rubuta littafi mai suna The Great Animal Orchestra a 2012. A 2016 gidauniyar Cartier ta birnin Paris ta haɗa shi da gwanayen sarrafa haske na United Visual Artists daga Landan, suka mayar da taskar tasa abin ji da gani. Aikin ya zaga Milan da Landan da Sidni da San Francisco.

Bari in shigar da ku ɗakin. Duhu ne ƙirin, sai ka laluba kafin ka sami wurin zama. Can sai wani siririn haske ya taso daga gefen hagu na bango, yana rawa daidai da sautin da ke fita daga lasifikoki. Hasken ba ya ɓacewa, sai ya bar zane a bayansa, zanen kuma ya riƙa tafiya a hankali yana lulluɓe bangon zuwa dama. Murya mai kauri a ƙasa take zama, siririya kuma a sama. Idan wata dabba ta yi kuka, sai sunanta ya bayyana kusa da tabon da muryarta ta bari. A gindin bangon akwai wani baƙin ruwa kwance wanda zanen ke haskawa a cikinsa, kuma da zarar sauti mai nauyi ya buga sai ruwan ya kama makyarkyata. Wuri bakwai ake kai ka: kyarketan Algonquin a Kanada, tsuntsayen bakin kogin Yukon a Alaska, giwayen Dzanga-Sangha a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, dajin Zimbabuwe, tsaunukan Kalifoniya, ƙarƙashin teku, da kurmin Amazon. Kai jama'a!

Abin da ya fi kashe min jiki shi ne tsarin da zanen ke tonawa. Da kunne kaɗai ka ce hayaniya ce. Da ka ɗaga ido sai ka ga layi-layi: ƙwari sun kama nasu layin a sama, kwaɗi a ƙasa, tsuntsaye a tsakani, wani ma sai ya jira ɗan'uwansa ya yi shiru sannan ya saka tasa. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango ya san zancen, kowace tasha da mitarta, in biyu suka hau mita guda ba wadda za a ji. Krause ya ce haka halittun daji mai lafiya suke raba iska a tsakaninsu, domin wanda ba a ji muryarsa ba, ba zai sami abokiyar zama ba, ba zai kare yankinsa ba. In aka taɓa dajin, sai layukan su fara tsinkewa, gurabe su buɗe.

Hujjarsa mafi ƙarfi ta fito ne daga wata fadama mai suna Lincoln Meadow a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya, kuma yana ba da labarinta a littafinsa da laccocinsa. A 1988 wani kamfanin katako ya tabbatar wa mutanen yankin cewa saran ɗauki-ɗai-ɗai zai yi, itace nan, itace can, babu abin da zai sami dajin. Krause ya nemi izini ya kafa na'urarsa da asuba a watan Yuni, kafin a sa zarto. Abin da ya naɗo cike yake maƙil da tsuntsaye, ga rafi yana gudu a ƙarƙashinsu. Bayan shekara guda ya koma, wata guda, lokaci guda, na'ura guda. Rafin na nan yana ta surutunsa. Saman zanen kuwa ya zama fayau, sai ɗan tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar itace yana bugawa. Abin mamakin, in ka ɗauki hoton wurin daga bakin fadamar, itatuwa ne tsaye reras, ka rantse ba a taɓa su ba. Mu mun saba cewa gani ya kori ji. A nan ido aka yi wa rufa-rufa, kunne ya tona asiri. Ya yi ta komawa wurin shekara da shekaru, muryoyin ba su dawo yadda suke ba.

Sai kuma Amazon, inda na fi so a tsaya a daɗe. An naɗi sautin ne a sansanin da ake kira Kilomita 41, arewa da birnin Manaus na Burazil, kuma a nan ne wata damisar kurmi ta matso har bakin makirfo ta yi gurnani. Tsigar jiki sai ta tashi! To wannan sansani na wani babban bincike ne da Thomas Lovejoy ya assasa a 1979, inda aka bar gutsattsarin kurmi masu faɗin hekta 1 da 10 da 100 a tsakiyar filayen kiwo da aka share, don a ga abin da zai sami mazaunansu. Jemagu na cikin waɗanda aka fi bibiya a can, da siririyar raga da kuma na'urorin naɗar sauti, saboda masu farautar ƙwari a sararin sama da wuya su faɗa raga, sai dai a gane su ta murya. An gano cewa jemagun da ke tsintar ƙwari da ƙananan dabbobi a kan ganye cikin duhun kurmi su ne suka fi shan wahala idan daji ya gutsuttsure, wasu masu cin 'ya'yan itatuwan da ke fara tsirowa a saura kuwa har ƙaruwa suke. An kuma ga cewa in aka bar saurar ta sake zama daji, 'yan cikin kurmi sukan fara dawowa.

Matsalar ita ce jemage ya fi ƙarfin kunnenmu. Ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kilohaz 20, shi ma sai mai ƙuruciya, alhali ƙananan jemagu, irin masu kwana a rufin ɗakunanmu, yawancin kiransu sama da nan yake. Sai a 1938 wani ɗalibi a jami'ar Harvard, Donald Griffin, ya kai jemagu gaban wata na'ura da ke sauko da irin wannan sauti, aka ji ashe ihu suke ta yi, suna gane hanya da amsa-kuwwar da ke dawo musu. Mai farauta a fili kiransa dogo ne mai ɗan kauri, ya yi nisa. Mai kutsawa cikin rassa nasa gajere ne, siriri, a hankali. Don haka in aka sare daji, waƙar dare ma sai ta canja.

A nan ne nake cewa duk mai son aikin Krause ya haɗa da na Jana Winderen, 'yar ƙasar Norwe. Faifanta na 2014, Out of Range, ta gina shi ne a kan muryoyin jemagu da halittun ruwa waɗanda ba ma iya ji, ta ja su ta rage musu gudu har suka sauko inda kunne zai kama. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: kiran da ke kan kilohaz 45, in an rage saurinsa sau goma, ya dawo 4.5, sai ka ji shi kamar fito yana gangarowa. Ka ji jemage yana kira jefi-jefi yana lalube, ya hango ƙwaro, kiran ya fara matsewa, ya matse, ya koma ɓirrr, ya kai kusan 200 a daƙiƙa guda, sannan ɗif, ya cafke. Farauta ce sukutum a cikin kunnenka. Tubarkalla!

Na san masana na ta muhawara kan ko rabon mitar nan da Krause ke faɗa haka yake a kowane daji. Su yi ta yi, aikinsu ke nan. Abin da ba ya jayuwa shi ne faifan 1988 da na 1989 ajiye gefe da gefe. Shi da kansa yana cewa fiye da rabin taskarsa daga wuraren da yanzu suka lalace ko suka yi shiru ta fito. Kuma a gobarar dajin Kalifoniya ta Oktoba 2017 gidansa ya ƙone ƙurmus, sai dai Allah ya sa akwai kwafin taskar a wani wuri.

Ku nemi laccarsa ta TED ta 2013 a intanet, ku nemi faifan Winderen, ku sa abin saurare a kunne biyu, kada ku ji ta lasifikar waya don za ku cuci kanku. Ɗalibanmu na sashen gandun daji kuma, ga aiki ya same ku. Akwai ƙaramar na'ura mai araha, AudioMoth, da ake ɗaurewa a jikin itace ta kwana tana naɗa, har kiran jemage tana kamawa. An yi wa madobiya saran wawa a Taraba, buhunan gawayi kuma kullum suna kan hanya. A ɗaura na'urar nan a Falgore da Yankari da Gashaka tun yanzu, a rubuta rana da wuri, a adana. Gobe in wani ya zo ya ce sara kaɗan zai yi, ba abin da zai faru, akwai faifan da za a kunna masa.